Ɗorawa Uku a Gonar Baffa

Har yau in na shiga kasuwar Karaye na bi ta layin masu kalwa, sai na tsaya na ɗebi kaɗan a tafin hannu na shinshina, ko da ba saye zan yi ba. Matan da ke sayarwa sun saba da ni, wata ma takan ce ga malamin nan da ke duba kalwa kamar zai kai mata kuɗin aure. Ba su san an yi shekaru fiye da arba'in a gidanmu ba a sayi ko gwangwani ɗaya ba. Ɗorawa uku gare mu a lokacin, manya, kuma duk ukun a cikin gonar wani suke.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ji abin wani iri, amma a wajenmu, can yankin Gwangwan, ba baƙon abu ba ne. In an zo rabon gado, ƙasa daban ake raba ta, itatuwa masu amfani daban. Da kakan mahaifina ya rasu ya bar ɗa namiji da 'ya mace, aka yanka wa macen gefen gabas na gonar, namijin ya ɗauki sauran. Itatuwan ɗorawa kuwa aka sa su duka a rabon namijin, ko da yake uku daga cikinsu a ɓangaren macen suke tsaye. Namijin shi ya haifi Baba. Macen ta haifi mutumin da muka tashi muna kira Baffa. Na cikin gonarmu tsufa da iska suka kayar da su tun ina ƙarami, ukun nan na gonar Baffa suka rage mana. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kowa dai ya sani.

Baba da Baffa ke nan taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, kuma ban taɓa ganin mutum biyu da suka riƙe wasan taubasai hannu bibbiyu kamar su ba. Baba ba ya kiransa komai sai bawana. Shi kuma ya ce ubangidana marowaci. Tun da na yi wayo ban ji ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana miƙaƙƙiya ba. Baba ya kwanta ciwo, Baffa ya zo dubiya ya tambaya wace riga za a bar masa. Matar Baffa ta rasu, Baba ya je ya ce Allah ya hutar da baiwar Allah, sannan ya zauna a ƙofar gidan bai motsa ba har aka watse zaman makoki. Akwai shekarar da Baffa ya zo da ido jajur ya ce jakinsa ya mutu, Baba ya tausaya ya ba shi abin da ya sawwaƙa, washegari sai ga shi ya hawo jakin ya zo godiya. An yi shekaru ana ba da wannan labari a kasuwar Rogo, kuma Baffa ne da kansa mai bayarwa.

Duk watan cika-ciki kuwa, da safe, za ka ga Baffa ya ɓullo da wata guntuwar tsintsiya a hammata. Ya share ƙofar zaurenmu shara biyu ta ganin dama, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce a fito masa da kuɗin shara, hakkin bawa a kan ubangidansa. Baba ya yi ta ƙorafi, ya ce sharar ba ta fita ba, ya ce bana babu, a kai ruwa rana, daga ƙarshe ya sa hannu a aljihu. Inna ta aiko musu da tuwo su ci a kwano ɗaya suna zagin juna. Mu yara ranar ta fi mana sallah daɗi.

Inna, mahaifiyata, 'yar Yola ce ta nan Karaye, daga gidan da mata suka gaji yin daddawa. A suna itatuwan na Baba ne, amma Baba bai ma san wadda ta fi 'ya'ya ba. Inna ce ta san su ɗaya bayan ɗaya: ta bakin hanya mai saurin nuna, ta tsakiya mai zaƙin gari da yara ke yi wa sata, da ta can ƙarshe wadda sai ta yi shekara ta huta shekara, Inna na cewa halin dangin miji gare ta. In sanyi ya fara ja baya sai su yi tutu, jajayen furanninsu su yi ta reto, zuma ta cika wurin da ƙugi. In zafi ya kankama 'ya'yan suka bushe, gidanmu kaf ya tashi. Maza su hau da gora mai ƙugiya, mata da yara a ƙasa suna tattarawa, bakin kowa rawaya da garin ɗorawa. Baffa ya zo ya shimfiɗa buzunsa a inuwa ya yi ta mitar ana tattake masa gona, alhali ko ciyawa babu a cikinta a lokacin.

Ba abin da ake yarwa. Garin a sha a kunu, ɓawon a jiƙa a yi makuba a shafe katanga, kalwar kuma ta Inna ce ita kaɗai. Ta dafa ta yini guda, a surfa da toka, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe da ganye a ɗaki har ta yi yadda ake so. Warin kwanakin nan, wanda baƙo ke toshe hanci saboda shi, ni har gobe shi ne ƙanshin gida. Da kuɗin daddawar aka yi wa yayyena mata kayan ɗaki, da shi aka saya mini keken da na yi ta zuwa makaranta a Rogo. Duk shekara kuma ƙullin farko gidan Baffa ake kaiwa, shi kuma ya aiko a ce ta bara ta fi daɗi.

Rigimar ta zo ne ta hannun babban ɗan Baffa, sa'ana, mai sana'ar hatsi a Kano. Ba mugu ba ne, tare muka yi kiwo da shi. Mutum ne dai da ya daɗe da barin ƙauye har ya daina ganin gona a matsayin komai sai jari. A lokacin Baffa ya tsufa, idonsa ya fara rauni, noma ya fi ƙarfinsa, kuma ci da sha da maganinsa duk a wuyan wannan ɗan suke. Sai ɗan ya samo wani mai kuɗi da ke noman masara da tarakta, wanda ya ce zai sayi gonar da sharaɗi biyu: a fitar masa da iyaka sarai, kuma ba ya son itace a ciki, don inuwa tana kashe masara, saiwa tana karya garma. Iyakar gonarmu da ta Baffa layin gamba ne tun na kakanni, amma ruwan wata damina ya yanka kwazazzabo ya tafi da wani sashe. Ɗan Baffa ya ce tun daga nan muka ci musu 'yan kunyoyi. Mai unguwa ya so ya sasanta, amma mai saye yana gaggawa. Aka rubuta ƙara da sunan Baffa, aka kama hannunsa ya dangwala.

Ni na karanta wa Baba sammacin, don a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rogo, ina da iyali a cikin gidan, duk wata takarda hannuna take biyowa. Ya yi dariya ya ce bawa ya kai ubangidansa gaban alƙali, lallai duniya ta zo ƙarshe. Amma tuwon ranar ko rabi bai ci ba. Inna kuwa ba kunyoyin ne suka dame ta ba. Mata masu itace sun gaya mata an ga wasu mutane da injin yanka katako sun je suna rungumar gindin ɗorawar suna gwada kaurinta. Tun daga ranar ba ta da wata magana sai ta itatuwanta.

Ranar zaman farko na goya Baba a babur za mu Karaye, inda kotun take. Muna fita bayan gari sai ga Baffa a bakin hanya, ya sha rigar Juma'a, ya tokare da sanda. Ɗansa ya aiko masa da kuɗin mota, amma ya ce bai ga dalilin da bawa zai biya kuɗin mota ba alhali ubangidansa na da abin hawa. Baba ya ce ya tafi a ƙasa. Kafin ya rufe baki Baffa ya ɗane. Haka muka riƙa tafiya duk zama har aka gama shari'ar: ni a gaba a kan tanki, wanda ake ƙara a tsakiya, mai ƙara a baya ya ƙanƙame shi. Ɗaya ya ce ɗaya ya cika ƙashi yana soka masa, ɗaya ya ce ɗaya bai yi wanka ba. In an tashi daga kotu mu shiga kasuwa su sha fura, Baba ya biya. Masu babur na bakin kotu har sun gane mu, in mun ɓullo sai ka ji suna cewa ga shari'a nan tafe gaba ɗayanta. Ina kewar tafiyar nan ƙwarai, duk da ciwon bayan da ta bar mini.

A gaban alƙali Baba ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce iyaka ta tashi daga kututturen kanya ta miƙe zuwa tsohon suri, kuma yana da dattawan da za su shaida. Sannan, kamar yadda Inna ta yi ta nanata masa tun daga gida, ya ƙara da cewa ɗorawa ukun da ke cikin gonar mai ƙara nasa ne na gado, yana roƙon kotu ta tabbatar masa, ta kuma hana a taɓa su. Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube shi.

"Malam, maganarka ta farko amsa ce, na kuma rubuta ta," in ji shi. "Ta biyun ba amsa ba ce, ƙara ce taka ta kanka. Zan iya jin ta tare da wannan, amma sai ka je wajen rajistara ka biya kuɗinta tukuna."

Rajistaran wani mutum ne mai haƙuri, da furfura a gemu, yana zaune bayan wata 'yar taga. Ya yi wa Baba bayani a tsanake. Ya ce kare kai ba a biya masa ko kwabo. Wanda aka kawo, in musu kawai zai yi, bakinsa ya ishe shi. Amma da zarar ya juyo ya ce kotu ta ba shi wani abu ko ta hana abokin shari'arsa wani abu, to ya shigar da ƙara a kan ƙara, kuma ana biya mata kamar sabuwa, gwargwadon darajar abin da ake nema. Ya ce amfaninta ma shi ne, ko wancan ya janye tasa, wannan tana nan daram sai an yanke mata hukunci. In kuwa ba a biya ba, a wajen kotu kamar ba a faɗe ta ba ne.

Kuɗin bai kai na ɗan akuya ba, kuma Baba bai daɗe da sayar da gyaɗa ba. Ya zaro ya ajiye a kan tagar. Rajistara ya jawo takarda. Sai Baba ya ɗora yatsa a kan kuɗin.

"In na biya, me za a rubuta ni?"

"A wannan ɓangaren kai ne mai ƙara, Baba. Shi kuma wanda ake ƙara."

Baba ya janye hannu daga tagar. Ya naɗe kuɗinsa ya mayar aljihu, ya yi wa mutumin godiya, ya ce zai yi shawara.

A hanya na yi ta yi masa magiya, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Sai da muka isa gida, Inna ta tare shi a tsakar gida, ya faɗi dalilinsa. Ya ce shi kawo shi aka yi, kuma wanda aka kawo ba shi da abin kunya. Ya ce ya shekara saba'in bai taɓa kai kowa ƙara ba, ba kuma zai fara da ɗan gwaggonsa ba. Ubangida bayarwa yake yi, in ji shi, ba ya zuwa gaban hukuma ya biya kuɗi don ya karɓi abu a hannun bawansa. Ni da na san shi, na san akwai tsoron Allah a maganar, akwai zumunci, akwai kuma taurin kai da son a ce. Tun da sammacin ya zo yake faɗa a ƙofar masallaci cewa sunansa bai taɓa shiga littafin masu ƙara ba, kuma yana jin daɗin yadda ake gyaɗa masa kai.

Inna ta yi tsalle ta dire. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Ta ce shekara arba'in yana shan miya bai taɓa tambayar inda ɗanɗanon ya fito ba, yau kuma sunansa ya fi masa itatuwan daraja. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗi ta ce in je in biya. Na je a zama na gaba. Rajistara ya ce kuɗin kowa ma ya yi, amma ƙarar ta mai itatuwa ce, sai ya zo da kansa ya sa hannu. Inna ba ita ta gada ba, ni ma ba ni ba ne, tunda ubana na da rai. Na dawo mata da kuɗinta. Ta daina yi wa Baba magana sai ta bakin jikoki, kuma na ɗan lokaci miyar gidanmu ba daddawa, da gangan. Ya sha abarsa lami. Ni ɓangaren Inna nake, kuma ban ɓoye masa ba.

Abin da ban zata ba shi ne Baffa ya shigo maganar. Tun zama na biyu ya fara, a kan babur. Ya ce ubangidan da ya kasa biyan kuɗin ƙara ai sai a kai shi kasuwar Karaye a sayar a biya. Baba ya ce wa zai sayi mutumin da bawa irin wannan ke manne da shi. Suka yi dariya. Zama na gaba ya sake. A wajen mai fura ya sake. Duk ranar da muka wuce ta gaban tagar rajistara sai ya ja rigar Baba ya ce ga taga can, ko a ranta masa ne. Kuɗin kuwa suna nan a aljihun Baba, a naɗe, kullum da su yake zuwa, kullum da su yake komawa.

Wata rana taya ta yi faci muka tsaya a gindin wata darbejiya ana gyarawa. A shekarar mun riga mun sauke ɗorawa, kalwa na shanye a gida, shari'a kuma ta kusa ƙarewa. Baffa na zaune a kan benci, ya dogara haɓarsa a kan sanda. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Biya mana, ubangida. Kai ni ƙara. In alƙali ya ce naka ne, wa ya isa ya taɓa? Ko ni ban isa in bayar ba."

Bai yi dariya ba. Na daɗe ina jin muryar mutumin nan, ban taɓa jin ta haka ba. Amma Baba ya tafa hannu ya ce ku ji bawa, so yake a rubuta sunansa kusa da na ubangidansa a littafin gwamnati a ce sa'o'in juna ne. Baffa ya ɗan yi murmushi, ya ce to ai shi ke nan.

A gida na ce wa Baba ni fa ina jin Baffa da gaske yake. Na ce ina ganin ɗansa ya fi ƙarfinsa, kuma ba shi da bakin hana sayarwa tunda shi ke ci da shi, amma in da hukuncin kotu a hannunsa zai samu abin fakewa. Baba ya dube ni kamar na faɗi abin dariya. Ya ce ya fi shekara sittin yana jin bakin mutumin nan, ni yaushe aka haife ni. Ya ce tarko ne irin na jakin nan. So yake ya biya, shi kuma ya bi kasuwanni yana ba da labarin ubangidan da ya maka bawansa a kotu saboda kayan miya, ba zai daina ji ba har kabari. Game da itatuwa kuma ya ce in kwantar da hankalina, bawansa ba zai bari a sa musu ƙarfe ba, a inuwarsu aka yi musu kaciya tare shi da Baffa. Na je wajen Baffa ni kaɗai na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana kallona da raunanan idanunsa, sannan ya ce yaushe na girma har na fara shiga wasan manya. Yanzu na gane ba zai iya buɗe baki ya gaya wa sa'an ɗansa cewa ɗan cikinsa ya fi ƙarfinsa ba.

Alƙali ya zo da kansa ya ga gonar, ya ji dattawa, ya tabbatar da iyaka daga kututturen kanya zuwa suri, kamar yadda Baba ya faɗa. Ranar hukunci, kafin ya rufe, ya tambaya ko an biya kuɗin ƙarar itatuwa. Rajistara ya ce ba a biya ba. Ya ce to kotu ba ta da abin cewa a kansu, amma ƙofa a buɗe take duk ranar da mai su ya ga dama. Baba ya fito yana fara'a, ya sayi tsire ya ce bawa ya ci ya rage baƙin ciki. Baffa ya ƙunshe nasa ya sa a aljihu. A hanyar komawa bai ce Baba na soka masa ƙashi ba, kuma na ji yadda ya riƙe shi har babur ɗin ya fi nauyi ta baya.

Ciniki ya faɗa bayan 'yan makonni. A satin ɗan Baffa ya zo ya tafi da shi Kano a duba masa ido. Ana gab da ruwan farko, wata safiya Inna na bakin turmi, sai muka ji kukan inji daga gabas. Ta tsaya da taɓarya a sama. Na sheƙa da gudu, amma kafin in isa, ɗorawar bakin hanya ta kwanta, ganyenta ya rufe hanyar. Sabon mai gonar ya nuna mini takardarsa cikin mutunci, babu maganar itace a ciki, ni kuma ba ni da komai a hannu sai cewa kowa ya sani. Kafin la'asar duk ukun suna ƙasa. Baba bai fito daga zaure ba yinin nan. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ƙarasa dakanta, ta shiga ɗaki ta ja labule. Daga baya ɗan Baffa ya aiko da kuɗi wai na itatuwa, ta ce a mayar masa, ita ba ta sayar da komai ba.

Cika-cikin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Ba wanda ya ɗauka Baffa zai zo. Amma da hantsi sai ga shi, jikansa na jan sandarsa, da guntuwar tsintsiyar a hammata. Ya sallami yaron. Ya sunkuya ya share ƙofar zauren, wannan karon shara ta gaske, lungu da saƙo, har ya haɗa gumi. Ina zaune a ciki tare da Baba. Baffa ya shigo ya zauna, bai miƙe ƙafa ba, bai kuma nemi komai ba.

Baba ya yi ƙoƙarin farawa. Ya ce yau kam an ga shara, ashe sai da aka gyara wa bawa ido. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗin nan, su ɗin dai, a naɗe yadda suke tun ranar tagar rajistara, ya miƙa masa. Baffa ya shafa su da yatsa, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

"Ba ni ya kamata ka ba wa waɗannan ba," in ji shi. "Sau nawa na ce ka biya?"

"Na zaci wasa kake yi."

"To da wane baki zan gaya maka? Tsakanina da kai ba ni da wani sai shi."

Na kawar da kai. Suka zauna, tsofaffi biyu, ruwa na ɗiga daga indararo, kuɗin na tsakaninsu ba wanda ya taɓa. Tausayinsu ya kama ni har na rasa wanda zan ji haushi. Su biyun yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma duk da sun ci gaba da zama tare har ƙarshe, wasan bai ƙara komawa yadda yake ba.

Ina tsammanin ranar ba za a aiko da tuwo ba, don tun da aka sare itatuwan Inna ba ta ambaci sunan gidan Baffa ba. Sai ga ta da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zo har bakin zaure da kwano ɗaya a rufe. Ƙanshin miyar kuka ya riga ta shigowa, da daddawa a ciki sosai, ba ƙwauro. Ta gaishe da Baffa, ta tambayi idonsa, ta tura musu kwanon.

"Ku ci," ta ce. "Daddawar nan ita ce ta ƙarshe, ta ɗorawar tsakiyar ce."

Suka wanke hannu suka sa a kwano ɗaya. Baffa ya ci a hankali, ya suɗe yatsunsa, bai ce ta bara ta fi daɗi ba.